Shekarar Da Aka Sa Inna A Fim Ɗin Fatalwa

'Ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a kan kakarku, domin ba a ɓoye ake faɗarsa ba. Wasu sun ce mayya ce, masu ɗan sauƙin baki sun ce rikicin tsufa ne ya taɓa mata kai. Yanzu da gwiwa ta raba ni da gona, likita kuma ya raba ni da gishiri da goro, ba abin da ya rage mini sai zama da tunani, shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun da sauran numfashi. Inna ba ta ci kowa ba, hankalinta kuma ya fi nawa har ranar da ta bar duniya. Abu biyu take taƙama da su, mutuncinta a garin nan da wurin da ta keɓe wa kanta a gefen kabarin mijinta. Duka biyun ta hannuna suka salwanta, a cikin shekara guda.

Asalinmu Maguzawa ne. Gidanmu na da yana can bayan babban kanal, inda yanzu ba komai sai kufai. Nomau aka raɗa mini, don ana tsakiyar noma aka haife ni. Na musulunta ina saurayi, lokacin da ruwan gwamnati ya iso aka yanka filaye aka fara noman rani, muka cakuɗu da mutanen Kura da na Garun Mallam a gonakin alkama da tumatir, na zama Abdullahi. Ƙanwata Kande ta auri wani mai zuwa coci a wajen Bunkure, ta zama Saratu, gwaggonku ke nan. Inna Tabawa ta ce ita ta tsufa da sauya zani, abin da ta tarar iyayenta suna yi a kansa za ta mutu. Da Baba ya rasu aka binne shi a gindin tsamiyar gidanmu kamar yadda aka saba yi wa masu gida, ni kuma na ɗauko ta na kawo ta cikin gari, na gina mata ɗakin nan da kuke zuba buhunan shinkafa a ciki yanzu.

Kada ku ɗauka zaman raɓe ta yi a cikin Musulmi. Ita ce ungozomar unguwar nan, rabin samarin da kuke gaisawa da su a hannunta suka faɗo, har da 'ya'yan Liman. Ita ke yanke cibi, ita ke dafa ruwan wankan jego, kuma in haihuwa ta zo da gardama ita ce ta farko da za ta ce a nemi mota a tafi asibiti, ba ta da taurin kan da wasu ungozomomin ke da shi. Daddawarta har daga Kura ake aikowa a saya. Mata suna tsokanarta, su ce Tabawa, wai yaushe za ki fara sallah ne? Sai ta ce su dai su yi ta yi, in sun shiga aljanna su riƙe mata ƙofa. A yi dariya a watse, ba wanda ya riƙe ta da komai.

Abin da take yi wanda daga baya aka mayar abin tsoro shi ne wannan. Duk lokacin da wani abu ya faru a gida, haihuwa ko aure ko ciwo, ko za a fara dashen shinkafa, sai ta dama fura a 'yar ƙwarya da hantsi, ta ɗauki sandarta, ta bi gefen kanal, ta haye gadar siminti ta je wurin Baba. Ta share ganyen tsamiyar da ya zuba, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta tsiyaya masa fura kaɗan a ƙasa ta shanye sauran, sannan ta ba shi labari. Babu kuka, babu surkulle, hira ce irin ta mata da mijin da suka daɗe tare. Takan faɗi magana ta yi shiru, ta bar masa fili, domin Baba mutum ne mai nauyin baki, sai ya juya magana sau uku a ransa kafin ya amsa. In ta ga ta ba shi lokacin da ya isa sai ta ci gaba. A gefen kabarin ta jera duwatsu ta kewaye wani ɗan fili daidai tsawonta, kuma ba wanda bai san na wane ne ba. Na taɓa tambayarta ko yana amsa mata.

"Da yana da ran ma sau nawa ya amsa?" ta ce. "Ni dai kada ya ji a bakin wani."

Mutanen gari sun saba ganinta, sukan ce Tabawa ta tafi kai rahoto. Ni kaɗai abin yake ci wa rai. Shekara arba'in ina sallah a masallacin nan, na zauna gaban malami da gemuna na koyi baƙi da fassara, na yi azumin da wasu haifaffun cikin Musulunci ba sa yi, amma ranar da aka yi musu a kan rabon ruwa sai wani ya ce a rabu da shi, tubabbe ne. In Liman ya yi tafiya, gara a tura yaron da na girme wa ubansa ya ja sallah da a dube ni. Kowace tafiya Inna ta yi da ƙwaryar nan, ji nake kamar tana tuna wa gari daga inda na fito. Ina gaya muku wannan ne don ku gane irin yunwar da 'yan fim suka tarar da ni a ciki, ba don ku yi mini uzuri ba.

Sun zo ne a shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir, a motoci biyu, da janareto da kyamarori da 'yan mata masu dariya ba dalili. Kufai suke nema mai tsohuwar bishiya, Maigari ya turo su wurina tunda ni ne magajin wurin. Shugabansu, wanda suke kira Darakta, saurayi ne mai laushin harshe, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce Baba Malam. Tunda nake ba wanda ya taɓa haɗa sunana da malanta. Bai ɓoye mini komai ba, ya ce fim ɗin ban tsoro za su yi, na fatalwa, irin wanda matattu ke dawowa suna addabar gari har wani malami ya zo ya kore su. Ya ce wanda zai fito a malamin ma ya ba su kunya bai zo ba. Yana faɗa yana kallon gemuna. Kafin la'asar an auna mini rawani da alkyabbar aro, na dawo gida ina tafiya kamar wanda ya haɗiyi taɓarya.

A rana ta uku suna can suna shafa wa wata yarinya farin gari a fuska, sai ga Inna da ƙwaryarta. Ba ta kula su ba, ta share wurinta ta zauna ta fara hirarta. Darakta ya tsayar da aiki, ya tsaya yana kallonta har ta gama ta tashi. Daga nan ya ja ni gefe.

"Baba Malam, wallahi irin tsohuwar nan ko wata guda za a yi ana nema a birni ba za a samu ba. Ba sai ta yi aktin ba, abin da ta yi yanzu kawai za ta maimaita gobe, mu ɗauka daga nesa. Minti biyu ne a fim ɗin."

Da na kawo maganar gida, mahaifiyarku Hajara tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malantar kwana uku har ta kai ga haka? Tsohuwar nan ba ta san abin da ake ce wa fim ba. Ka bar ta da mijinta."

Na ce mata mace ba ta san harkar waje ba. Na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin ƙofa, na ce mutanen nan masu adana tarihi ne, suna so jikoki su ga yadda ake al'adar da. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunana ba, kuma ba ta cika kallon idona ba, amma ranar ta dube ni.

"Za su ji abin da nake gaya masa?"

Na ce a'a, hoto ne kawai. Washegari da suka ɗaga wata doguwar sanda mai gashi a kanta suka riƙe saman kan Inna, ta tambaye ni mene ne, na ce na auna iska ne. Da shi ake ɗaukar magana, kuma na sani.

Ina tsaye a bayan kyamara na ji duk abin da ta faɗa. Ta tsiyaya fura ta ce na kawo maka, sha, yau da zafi. Ta gaya masa tsutsa ta gama da tumatir, ta gaya masa ƙafarta ta hagu tana damunta. Sannan ta kawo ƙarar yaran unguwa, ta ce sun fi ƙarfinta, kullum suna bakin kanal, ta yi magana har ta gaji, in ba a tashi tsaye ba wata rana ruwa zai ɗauki ɗaya. Tsakanin kowace magana tana yin shirun nan nata. Da ta gama ta dogara sandarta ta miƙe, ta ce sai na sake zagayowa, ta kama hanyar gada.

Nawa aikin daban aka ɗauka, da tsakar rana, ba kowa a gabana sai tsamiya. Aka naɗa mini rawani, aka ba ni dogon carbi, Darakta ya ce in kalli wani reshe in ɗaga murya in ce, fita daga garin nan, la'ananniya, ke da abin da kike bauta wa. Sau bakwai na maimaita kafin ya tafa ya ce ya yi. Na gaya wa kaina da yarinyar nan mai farin gari nake. Amma a wurin da ya ce in kalla, a nan Inna ta zauna jiya, sawun sandarta ma bai goge ba. Na gani, na ɗauke ido, na ƙara ɗaga murya.

Bayan an yanke shinkafa fim ɗin ya fito. Masu tura finafinai a waya suka kawo shi daga kasuwar Kura, mai shagon cajin waya ya sa a talabijin ɗinsa bayan la'asar, aka cika har bakin titi. Kujera aka ba ni a gaba. Sunan fim ɗin ba zan rubuta ba, kun san shi. Sun mayar da hantsi duhu a na'urarsu, sun mayar da idon Inna fari fat, furar da take tsiyayawa sun rina ta ja. Wuraren da take shiru tana jiran Baba kuwa, nan suka cusa wata ƙatuwar murya mai fitowa daga ƙasa. Muryar ta ce ina jin ƙishirwa, Inna ta ce na kawo maka, sha. Muryar ta ce wannan bai ishe ni ba, na yaro nake so. Inna ta ce kullum suna bakin kanal, wata rana ruwa zai ɗauki ɗaya. Duk maganar da ke tsakani sun yanke. Sai ga ni da rawani ina nuna ta da carbi ina la'antarta, ita kuma ta dogara sanda ta miƙe ta juya baya, ta narke ta zama hayaƙi. Shagon ya ɗauki kabbara. Wani ya dafa kafaɗata ya ce ashe haka kake, Malam. Zan so in ce muku na tashi na fasa talabijin ɗin, amma murmushi na yi.

Gwaggonku Saratu ce ta nuna wa Inna. Ta hawo mashin daga Bunkure ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba, ta shigo ba sallama, ta wuce ni a tsakar gida kamar ba ta ga mutum ba. Ta zauna kusa da Inna ta riƙe mata wayar. Inna ta kalla har ƙarshe, ta ce a sake mayarwa. Da aka zo wurin muryar sai ta girgiza kai.

"Wannan ba shi ba ne. Shi bai taɓa amsa mini da sauri haka ba."

Da aka zo wurina ta kalla har aka gama. Ta miƙa wa Saratu wayar, ta gyara ɗaurin zaninta, ta yi magana tana kallon bango.

"Rawanin ya yi masa kyau."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi, domin na shirya amsoshi.

Abin bai zo gaba ɗaya ba. Da farko yara ne, in ta wuce su bi ta a baya suna kwaikwayon muryar nan suna cewa ina jin ƙishirwa. Daga nan aka daina aikowa sayen daddawa, Hajara ta riƙa ɗauka tana kaiwa Kura a matsayin tata. Sai matar maƙwabcinmu ta fara naƙuda. Inna ta ji motsi ta katanga, ta wanke hannu, ta ɗauko sabuwar reza da tsummokaranta masu tsabta ta ajiye a cinya, ta zauna a bakin ƙofa tana jiran a aiko. Tana nan zaune har muka ji guɗa. Ta mayar da rezar cikin takardarta ta shiga ɗaki. Ni kuwa a watannin nan kasuwata ta buɗe. Malam a masallaci, Malam a gona, mata suna aiko da yara in yi musu tofi in sun firgita a barci. Ranar wata Juma'a da Liman ya je ta'aziyya Garun Mallam, ni aka tura gaba na ja la'asar. Na ji daɗi, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji ba.

Ana cikin haka aka sako ruwa da ƙarfi don dashen rani. Ummi, 'yar gidan Sale mai injin ban ruwa, yarinya 'yar shekara shida wadda Inna ce ta yanke mata cibi, ta je wanke kwano a bakin kanal, santsi ya kwashe ta. A ƙofar ruwa ta gaba aka tsamo ta. Kanal ɗin nan ya ci yara kafin a san fim, ya kuma ci bayan an manta da shi, kowa ya san siminti ne mai gansakuka ba wurin kamawa. Amma a wannan karon kowa yana da maganar Inna a aljihunsa, yana iya kunnawa ya ji ta da muryarta tana cewa ruwa zai ɗauki ɗaya. Tun ba a tashi daga zaman makoki ba samari suka ɗauki gatura suka haye gada. Suka sare tsamiyar, suka watsa duwatsun da ta jera, suka juye baƙin man inji a kan kabarin Baba. Da rana tsaka suka yi, mutane suna gonakinsu suna kallo.

Washegari Maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa. Ina so ku san Liman, Allah ya ji ƙansa, ya yi abin da ya kamata. Ya miƙe ya ce fim ƙarya ce da aka shirya, ajali kuma na Allah ne, matar nan ta karɓi haihuwar 'ya'yansa biyar bai taɓa ganin sharri a hannunta ba. Sannan ya juyo wurina.

"Malam Abdullahi, kai kana gurin aka ɗauki abin nan. Ka fi kowa sanin abin da ta faɗa da abin da aka ƙara mata. Gaya musu."

Sale yana zaune a gabana idonsa jawur, samarin nan suna tsaye a baya. Magana uku ce kawai ake nema a bakina, cewa ƙarar yaran ta kai don tana jin tsoron abin da zai same su, cewa muryar wani ƙato ce daga birni, cewa ni na yaudare ta ta zauna. Na duba fuskokin mutanen da suka yi wata huɗu suna ba ni hanya a sahun gaba, na san in na faɗa, gobe na koma tubabbe ɗan mayya. Na gyara murya.

"Ni dai Allah ya sani, shekara da shekaru ina yi mata nasiha a kan zuwa gurin nan, ba ta ji ba."

Liman ya daɗe yana kallona, sannan ya zauna. Maigari ya ce don lafiyarta gara ta ɗan bar gari har ƙura ta lafa. Ba wanda ya kore ta da bakinsa, kowa ya tashi da hannunsa a wanke.

Ni na samo adaidaita na ɗora kayanta, tabarma da tukwane biyu da ƙullin tsummokara. Hajara tana kuka, Inna tana ba ta haƙuri tana gaya mata inda ta ajiye kalwar da ba ta gama dafawa ba. Hanyar Bunkure ta gefen kanal take bi. Da muka zo daidai gadar siminti Inna ta taɓa bayan direban ta ce ya ɗan tsaya. Akwai mutane a gonaki ta ko'ina. Na ce masa ya wuce, rana tana yi. Ta juya kai tana kallon wurin da tsamiya take a da har muka sha kwana.

Daga baya na je birni na nemi Darakta, na same shi a wani ofis mai sanyi. Ya sake durƙusawa ya gaishe ni, ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce Baba, fim ne fa, kowa ya san wasa ne, mutanenku ne ba su waye ba. Ya ce ko ya so ya janye ba zai iya ba, abin ya riga ya shiga wayoyin duniya. Na shanye lemon na fito. Na so in tsane shi, amma shi baƙo ne, ba shi ya sha nononta ba.

Shekara ɗaya da 'yan watanni ta yi a gidan Saratu. Hajara tana zuwa duk mako da tuwo a kwano, wani lokaci da ku, kuna ƙanana. Ni sai in yi wata biyu ban leƙa ba. In na je takan karɓe ni da kyau, ta sa a shimfiɗa mini tabarma, ta ce sannu da zuwa, Malam, ya mutanen gida. Matar da ta yi shekara sittin tana kunyar kama sunana, yanzu ta samu sunan da za ta kira ni da shi ba kunya. Saratu ta ce mini Inna ba ta ƙara dama fura ba tunda ta zo, ko an dama an ba ta sai ta ce ta ƙoshi. Ƙura kuwa ba ta lafa ba, domin ba wanda ya tashi ya kwantar da ita.

Ranar da aka aiko cewa jikinta ya yi tsanani na isa da azahar. Ta rame har ba ta tayar da zanin da aka rufa mata. Saratu ta fita ta bar mu. Inna ta tambaye ni ko a can gefen Baba za a sa ta. Na ce zan yi wa Maigari magana.

"Kada ka wahalar da kanka," ta ce. "Na san ba za a yi ba."

Ta huta, sannan ta ce in matso.

"Ban yi masa sallama ba. Ce masa na yi sai na sake zagayowa. Ka je ka gaya masa ba gudunsa na yi ba, kuma ba zan zo ba, kada ya yi ta jira. In ka faɗa ka ɗan yi shiru, kada ka yi masa gaggawa."

Na ce to, Inna. Kafin magariba Inna ta cika. A bayan gidan Saratu aka binne ta, a gefen gonar dawa, cikin mutanen da ba ta sani ba. Ba liman, ba fasto, sai wasu tsofaffi huɗu daga cikin danginmu da suka rage a kan al'adar da, su suka yi abin da suka sani. Daga garin da ta karɓi haihuwar rabinsa, Hajara ce kaɗai ta zo, sai Liman da ya aiko da gaisuwa.

A rana ta uku na shirya da hantsi na kama gefen kanal. Na san abin da addinina ya ce, kuma ba fura zan zuba ba, saƙo ne uwa ta ba ɗanta ya ce to. Lokacin dashe ne, gonaki cike da mutane har bakin kufai. Ina sa ƙafa a kan gada wani ya ɗago daga cikin taɓo ya ce Malam, ina zuwa haka? Na ce ƙofar ruwa na zo dubawa. Na tsaya na duba ƙofar ruwa, wadda ba abin da ya same ta, na juyo gida. Na ce sai an gama dashe. Da aka gama dashe na ce sai an yi girbi an watse. Haka na yi ta yi, shekara tara ke nan, har gwiwa ta zo ta ba ni uzurin da na daɗe ina nema.

Makon jiya na kira yayanku Kabiru, na ce ya fito da mashin ya kai ni kufai, minti goma kawai zan yi. Ya fito da shi har ƙofar gida ya tayar. Sannan ya tambaye ni me zan yi a can, na gaya masa duka, kamar yadda na rubuta muku a nan. Ya kashe mashin ɗin, ya duba titi hagu da dama, ya rage murya.

"Baba, yanzu fa lokacin dashe ne. Mutane za su gani."

Ban yi masa faɗa ba. Na ce ya mayar da mashin ɗin ciki.